Bel ɗin Kafaɗa a Tsofaffin Ƙananan Jirage: Tilas ko Ganin Dama?

A jihar Alaska ta Amurka, fiye da kashi 80 cikin 100 na garuruwa da ƙauyuka ba su da hanyar mota da ta haɗa su da sauran ƙasa. Majinyaci, malamin makaranta, buhun wasiƙu, kayan masarufi, duk ƙaramin jirgin sama ne ke kai su, ta tsakanin tsaunuka masu dusar ƙanƙara da hazon da ke sauka ba sallama. Da yawa daga cikin jiragen nan sun kwana biyu. Jirgi ƙirar Beaver, wanda matuƙan yankin ke ji da shi, an daina ƙera shi tun 1967, amma har gobe yana ɗaukar fasinja. A kan irin waɗannan jirage ne aka shafe shekaru ana ja-in-ja game da wani abu da a ido bai taka kara ya karya ba, wato bel ɗin da ke ratsa kafaɗa da ƙirji.

Dokar Amurka ta kasa jiragen gida uku. Ƙaramin jirgin da aka ƙera bayan 18 ga Yulin 1978, dole kujerunsa na gaba su kasance da bel ɗin kafaɗa. Wanda aka ƙera bayan 12 ga Disambar 1986, dole kowace kujera ta samu. Wanda ya riga wancan lokaci na 1978 kuwa, an ƙyale shi da bel ɗin ƙugu kaɗai, irin wanda ake ɗaurawa a manyan jiragen fasinja. Inda gizo ke saƙar shi ne dokar ta makara. A 1978 kaɗai kamfanonin Amurka sun fitar da ƙananan jirage kusan 18,000, daga nan ciniki ya faɗi warwas, har kamfanin Cessna ya dakatar da ƙera ƙananan jiragensa masu inji ɗaya irin na fetur a 1986, bai dawo ba sai bayan shekara goma. Saboda haka dubban jiragen da ke shawagi a yau 'yan shekarun 1960 da 1970 ne, kuma sa musu bel ɗin kafaɗa ya rage ga mai jirgi. A tilasta masa, ko a bar shi da ganin damarsa?

Masu cewa a tilasta suna fara hujjarsu ne daga abin da ke samun jikin mutum a cikin ƙiftawar ido. Wanda ya fara zama ya yi wa wannan al'amari karatun ta-natsu shi ne Hugh DeHaven, Ba'amurken da jirginsa ya yi karo da wani a sama a 1917, yana koyon tuƙi a ƙarƙashin rundunar saman Birtaniya reshen Kanada. Ya rayu, amma ƙarfen bel ɗin da ke ƙugunsa ya yi wa kayan cikinsa mummunar illa, ya yi watanni a asibiti. Yana kwance ya riƙa lura da 'yan'uwansa da ake kawowa, ya ga cewa raunin kowa yana da dalilin da za a iya nunawa da yatsa: wannan goshinsa ya daki ƙarfe kaza, wancan kujerarsa ce ta ɓalle. A 1942 ya kafa sashen binciken raunukan hatsari a Jami'ar Cornell. Abin da ya koya wa duniya shi ne kowane hatsari karo biyu ne. Na farko jirgi ya daki ƙasa. Na biyu mutum ya daki cikin jirgi. Sau da yawa na biyun ne ke kisa, kuma shi ne wanda ake da iko a kansa.

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin Cessna 172 zai gane abin da ake nufi. Wurin zaman bai kai na ƙaramar mota faɗi ba, kafaɗar matuƙi na gogar ta wanda ke gefensa. Allon agoguna yana gabanka daidai tsawon hannu, cike da maɓallai da ƙarafa masu tsini, sitiyari kuma ya fito daga cikinsa ya nufo ƙirjinka. To a ce jirgin ya taɓa ƙasa da gudun kilomita 90 a awa, ya tsaya cikin mita uku. Lissafi ya nuna jiki zai ji nauyinsa ya ninka sau goma. Bel ɗin ƙugu zai riƙe kwankwaso, ya yi aikinsa. Amma daga cibiya zuwa sama babu abin da ke riƙe da mutum, sai ya naɗe gida biyu kamar wuƙar aljihu, kan da nauyinsa bai wuce kilo biyar ba ya koma kilo hamsin, ya tafi da fuska cikin allon nan. Masu binciken haɗurra sun sha tarar da jirgin da ɗakinsa bai ko lotsa sosai ba, ƙofofi na buɗuwa, kujeru na nan daram, amma mutanen gaba sun riga mu gidan gaskiya saboda rauni a ka.

Jikin ɗan'adam kuwa yana da juriyar da ta wuce zato idan an ɗaure shi yadda ya kamata. A watan Disambar 1954, likitan sojan sama John Stapp ya hau wani keken roka a jihar New Mexico, aka cilla shi da gudun da ya haura kilomita 1,000 a awa, aka tsayar da shi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da rabi. Nauyinsa ya ninka sau 46. Jini ya taru a idanunsa, amma ya rayu, har ya kai shekara 89 a duniya. Abin da ya cece shi ɗaurin da aka yi masa ne, kafaɗu da ƙirji da ƙugu duka.

Alƙaluma ma suna bayan masu wannan ra'ayi. Hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta daɗe tana faɗa wa matuƙa cewa bel ɗin kafaɗa zai iya rage munanan raunuka da kashi 88 cikin 100, ya rage mace-mace da kashi 20. A 2011 hukumar binciken haɗurra ta ƙasar, NTSB, ta duba haɗurra fiye da 37,000 na ƙananan jirage, ta gano cewa wanda ke da bel ɗin ƙugu kaɗai ya fi mai na kafaɗa fuskantar mutuwa ko mummunan rauni da kusan kashi 50 cikin 100. A kan haka ta nemi a tilasta sa bel ɗin a duk tsofaffin jirage. FAA ba ta mayar da shawarar doka ba.

Sai dai hujjar da ta fi kama ni ba ta alƙaluma ba ce. Ta shafi daren da ke biyo bayan hatsari a kan tsauni. Jirgin da ya faɗi a gefen filin sauka, cikin mintoci motar asibiti ta iso, ko mutum ya suma akwai mai ciro shi. A cikin tsaunuka babu kowa sai waɗanda suka faɗo. Su za su kwance kansu, su fita kafin man da ke zuba ya kama da wuta, su tsayar wa juna jini, su nemi abin rufa kafin sanyi ya shiga ƙashi, su duba ko na'urar kiran agaji tana aiki. Wanda fuskarsa ta farfashe ko hankalinsa ya gushe ba zai iya ko ɗaya daga ciki ba, kuma ya zama kaya a kan sauran.

Kuma agaji yana iya daɗewa ƙwarai. A ranar 9 ga Agustan 2010, wani jirgi ƙirar Otter ya daki gefen tsauni kusa da Aleknagik a kudu maso yammacin Alaska, ɗauke da mutum tara da ke kan hanyar zuwa kamun kifi. Biyar suka mutu, ciki har da matuƙin da Ted Stevens, wanda ya yi shekara 40 yana wakiltar jihar a Majalisar Dattawa. Huɗu suka rayu, ciki har da Sean O'Keefe, tsohon shugaban hukumar NASA. Jirgin yana da na'urar kiran agaji ta zamani, kuma ta kunna kanta yadda aka tsara. Amma ƙarfin karon ya fizge ta daga mazauninta, wayar da ta haɗa ta da eriya ta rabu da ita, sai ta yi ta aika saƙon da babu tauraron ɗan'adam da ya ji. An ɗauki awoyi kafin a farga jirgin ya ɓata. Da aka hango tarkacen da yamma, hazo da ruwan sama suka hana kwashe mutanen, sai likita da 'yan agaji kaɗan ne suka samu isa, suka kwana tare da su a kan gangaren har gari ya waye. Waɗannan manyan mutane ne da duk jihar ta tashi nemansu. Ina ga talakan da ya taso daga ƙauye?

Mu ma a Najeriya wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. A watan Maris na 2008 wani jirgi ƙirar Beechcraft ya tashi daga Legas zuwa Obudu da ma'aikata uku, ya ɓace, sai a ƙarshen Agusta mafarauta suka ci karo da tarkacensa a tsaunukan jihar Kuros Riba. Kuma duk wanda ya bi labarin marigayi Gwamna Danbaba Suntai na Taraba, wanda jirgin Cessna da yake tuƙawa ya faɗi kusa da Yola a watan Oktoban 2012, ya san abin da raunin ƙwaƙwalwa ke yi wa mutum. An lissafa shi cikin waɗanda suka tsira, amma bai sake komawa yadda yake ba har Allah ya karɓi ransa a 2017. Shi ya sa a ganina adadin nan na kashi 88 ya fi na kashi 20 nauyi, ko da yake na biyun ne ke ɗaukar hankali.

To me ya sa har yanzu ba a tilasta ba? Kada a ɗauka masu adawa 'yan taurin kai ne kawai. Da yawansu matuƙa ne da suka tsufa a cikin tsaunukan nan, kuma su da kansu sun sa bel ɗin a jiragensu. Abin da suke ja a kai shi ne doka.

Hujjarsu ta farko ita ce hatsarin tsauni iri biyu ne, kuma mafi munin babu bel ɗin da ke maganinsa. Steve Fossett, attajirin da ya fara zagaya duniya shi kaɗai a cikin balan-balan a 2002, ya tashi da ƙaramin jirgi daga wani gandu a jihar Nevada ranar 3 ga Satumbar 2007, bai dawo ba. An yi makonni ana nema ba a ga komai ba. Sai bayan shekara guda wani mai yawon daji ya tsinci katunansa a tsaunukan Sierra Nevada, kusa da Mammoth Lakes. Bincike ya nuna iskar da ke gangarowa daga kan tsauni ce ta danna jirgin ƙasa da ƙarfin da ya fi abin da injinsa zai iya ja, ya daki dutse ya tarwatse. Masu adawa suka ce ga irin abin da ke kashe mutane a tsauni: iska mai dannawa, hazon da ke rufe ido, kwarin da matuƙi zai shiga ya tarar ba ya ɓullewa kuma babu filin juyawa, da injin da ke rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk ƙafa dubu da aka hau. Kuɗin mai ƙaramin jirgi ƙididdigagge ne. Idan doka ta ci su a kan bel, an rage na horo, da na na'urar gargaɗin tsauni, da na na'urar kiran agaji mai kyau, alhali waɗannan ne ke hana hatsarin aukuwa ko su kawo ceto da wuri.

Akwai gaskiya a nan, amma ba ta kai inda suke son kai ta ba. Ba duk hatsarin tsauni ne irin na Fossett ba. Ƙa'idar ƙera ƙananan jirage masu inji ɗaya ta daɗe tana buƙatar su iya tafiya a hankali har ƙasa da kilomita 113 a awa kafin fikafikai su daina ɗaukarsu, kuma an yi haka ne da gangan domin idan inji ya mutu a iya saukar dole a rayu. Matuƙin da ya ga babu mafita yakan rage gudu iya ragewa, ya ajiye jirgin a kan bishiyoyi ko a bakin rafi ko a kan gangare. Irin wannan karon ne bel ke raba mai fita da ƙafarsa da wanda za a ɗauka. Batun kuɗi kuma, kayan da ake sayarwa na kamawa ne daga 'yan ɗaruruwan daloli zuwa sama da dubu a kan kowace kujera, ban da ladan makanike. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma ga wanda ke ciyar da jirgi mai da gyara duk shekara, bai kai abin da za a ce ya hana shi zuwa horo ba. Jirgin Stevens yana da na'urar gargaɗin tsauni, an tarar an rufe mata baki, kamar yadda matuƙan yankin kan yi saboda yawan ƙarar da take yi musu a cikin kwari. Na'ura tana jiran mutum ya saurare ta. Bel kuwa da an ɗaura shi ya gama jiran kowa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce nake ganin ba a ba ta haƙƙinta. Jirgin da aka zana a 1947 ba a tanadi inda za a kafa bel ɗin kafaɗa a jikinsa ba. Rufinsa da bangonsa siririn ƙarfe ne. Idan aka kafa bel a wurin da ba zai ɗauki nauyi ba, ranar da ake buƙatarsa zai tsinke ya bar mutum. Idan kuma aka kafa shi ƙasa da kafaɗa sosai, misali a ƙasan bayan kujera, to a lokacin karo zai danna mutum ƙasa ya matse masa ƙashin baya. Idan ya ja bel ɗin ƙugu sama, mutum na iya zamewa ta ƙarƙashi, bel ya shige masa ciki, irin raunin da ya kwantar da DeHaven. Dokar da za ta ce kowane jirgi kowace kujera, ba tare da duba ƙirar kowanne ba, tana iya haifar da aikin a-yi-a-gama wanda ya fi rashinsa haɗari. Wannan ce amsar da ma'aikatar sufuri ta Kanada ta bayar lokacin da aka matsa mata ta tilasta sa bel ɗin: jikin tsofaffin jiragen ba lallai ya ɗauka ba, kuma ƙarin igiyoyi na iya hana fita da sauri.

Maganar hana fita ta fi tasowa ne a kan jirage masu sauka a ruwa, waɗanda suka yi yawa a Alaska da Kanada. Jirgi ya kife a tafki mai sanyin ƙanƙara, mutum yana rataye kai ƙasa cikin duhu, kowace igiya abar tsoro ce. Na fahimci wannan fargaba. Amma abin da masu bincike suka tarar ya saɓa mata. A watan Mayun 2012 wani Beaver ya kife a tafkin Lillabelle da ke arewacin Ontario da mutum uku, biyu suka nutse. Fasinjan da ke baya ba shi da bel ɗin kafaɗa, kansa ya daki kujerar da ke gabansa, ya suma, ruwa ya ci shi. Bayan wannan ne hukumar binciken haɗurra ta Kanada ta nemi a sa bel ɗin kafaɗa a duk kujerun ƙananan jiragen ruwa na haya. Kwance bel aikin daƙiƙa ɗaya ne ga mai hankali a jikinsa. Sumamme kuwa ko ƙofa a buɗe take ba zai fita ba.

Akwai kuma ƙorafin matuƙa cewa tsohon samfurin bel, wanda ba ya miƙewa, yana hana su kai hannu ga makunnin mai ko sandar fikafikai da ke ƙasa tsakanin kujeru. Ƙorafi ne na gaske, ita kanta dokar ta yarda matuƙi ya kwance idan bel ya hana shi aiki. Amma samfurin da ke zarewa ya kulle da kansa, irin na motocin yau, ya daɗe da magance wannan.

Saura hujjar 'yanci, wadda Amurkawa ke riƙe da ita da hannu biyu: jirgina ne, raina ne, ina ruwan gwamnati? Ga wanda ke tashi shi kaɗai, ba ni da ta cewa sosai, ko da yake waɗanda za su hau helikwafta cikin hazo su nemo shi su ma suna da iyali. Amma da zarar ya ɗauki wani, maganar ta canza. Matar da ta biya kuɗin kujera daga ƙauyenta zuwa asibiti ba ta san shekarar da aka ƙera jirgin ba, ba ta san 1978 ta bambanta da 1977 ba, kuma ko ta sani babu wani jirgin da za ta zaɓa. Mai jirgi ne ya yanke hukunci, ita ce za ta biya da fuskarta. Ban ga yadda za a kira wannan 'yanci ba.

Saboda haka ga inda na tsaya. Duk ƙaramin jirgin da ke ɗaukar mutane don kuɗi, a tilasta masa bel ɗin kafaɗa a kowace kujera, a ba shi wa'adi. Idan injiniyoyi sun tabbatar wata kujera ba za ta ɗauka ba, a ƙarfafa wurin, ko a daina sayar da kujerar a hanyoyin tsauni. Jiragen masu zaman kansu kuwa, kujerun gaba aƙalla, domin su ne ke fuskantar allon agoguna, kuma a yawancin samfuran da suka yaɗu akwai kayan da aka riga aka gwada aka amince da su. Tun shekarar 2000 FAA ta sassauta ƙa'idojin sa bel a kujerun gaba na tsofaffin jirage don ta ƙarfafa wa masu su gwiwa, kuma ta kyauta. Sai dai wanda lallashi zai motsa ya riga ya motsa tuntuni. Na yarda da masu adawa cewa dokar ta bi jirage samfuri-samfuri, kada ta zama ta bai-ɗaya. Ban yarda wahalar wasu samfura ta zama uzurin sauran ba.

Akwai kuma giɓin da ɓangarorin biyu ba su cika tabowa ba. Ko a jirgin da ke da bel ɗin kafaɗa, doka ta wajabta ɗaura shi ne lokacin tafiya a ƙasa da tashi da sauka kawai. A Cessna na shekarun 1970 bel ɗin igiya ce daban, ana naɗe ta a maƙale a saman ƙofa, sai an sauko da ita an saƙala a jikin na ƙugu. Mutane da yawa da an daidaita a sama sai su cire su mayar da ita mazauninta, su sake jiki, kamar yadda wasunmu ke yi da bel ɗin mota da sun wuce shingen jami'ai. A sararin da babu komai ƙarƙashinka sai fili, idan inji ya mutu kana da mintoci na shiryawa. A cikin kwari, da tsaunuka dama da hagu sun fi fikafikanka tsayi, abin da ke tsakanin ganin matsala da taɓa bishiyoyi daƙiƙu ne, hannuwan matuƙi biyu suna kan aiki, fasinja kuma bai ma san ana cikin matsala ba. Babu wanda zai miƙa hannu saman ƙofa a wannan lokaci. Duk dokar da za a yi, ya kamata ta haɗa da cewa muddin jirgi na tafiya ƙasa da kan tsaunukan da ke kewaye da shi, bel ɗin kafaɗar kowa ya kasance a ɗaure.